RA'AYINMU: AZURFA A SAFA, GUBA A RAFI

Duk wanda ya leƙa kasuwa wajen masu sayar da safa da singileti da kayan 'yan ƙwallo, zai iya cin karo da wani sabon kirari da ake bugawa a jikin leda. Ana cewa wannan safa ba ta wari, wannan riga tana kashe ƙwayoyin cuta, domin an saka azurfa cikin zarenta. Haka ake rubutawa a jikin waɗansu robobin ajiye abinci, da buroshin goge haƙori, da takunkumin rufe hanci da suka yawaita tun daga shekarar 2020. Mai saye da ya ji kalmar azurfa sai hankalinsa ya kwanta, gama azurfa abu ne mai daraja, iyayenmu sun sa ta a yatsa da wuya ba ta cuce su ba. Mu ma ba mu yi gardama ba cewa azurfa tana kashe ƙwayoyin cuta. Tana kashewa ƙwarai da gaske. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, ba ta daina kisa ranar da aka wanke safar, ruwan wankin kuwa yana da inda ya nufa.

Bari mu fara da bayyana irin azurfar da ake magana a kai, domin ta bambanta da zoben da ke hannun kakarmu. Masana'antu suna sarrafa azurfa ta zama gari mai tsananin laushi wanda ake kira nano. Ana auna ƙwayarsa da nanomita, watau kashi ɗaya cikin biliyan ɗaya na mita, kuma ƙwayar da ake kira nano ba ta wuce nanomita 100 ba. In aka jera irin waɗannan manyan guda 800 gefe da gefe, sa'an nan ne za su kai kaurin silin gashin kai ɗaya. Kowace uwargida ta san dunƙulen kanwa yakan daɗe cikin ruwa kafin ya narke, amma in aka daka shi, nan da nan sai ya bi ruwa. Haka abin yake ga azurfa. Zobe yana iya shekara cikin rafi bai saki abin kirki ba, amma garin nano, da zarar ya sami ruwa da iska, sai ya riƙa sakin narkakkiyar azurfa a hankali a hankali. Wannan narkakkiyar ita ce mai kisan. A shekarar 2012 masu bincike na Jami'ar Rice a Amurka sun gwada garin a wurin da babu iskar shaƙa ko kaɗan, inda ba zai iya narkewa ba, suka ga bai taɓa ƙwayoyin cutar ba. Watau kowace ƙwayar nano kamar ƙaramin rumbu ce mai tsiyayar da guba.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan ƙarfi, sun kuwa yi aikin alheri da shi. Tun 1881 wani likita a Leipzig ta ƙasar Jamus, Carl Credé, ya fara ɗiga ruwan azurfa a idon jarirai sabuwar haihuwa, ya kuɓutar da yara masu yawa daga makanta. Daga ƙarshen shekarun 1960 aka sami farin man nan mai azurfa da ake shafa wa wanda wuta ta ƙona, wanda da yawa cikinmu mun gani a asibiti. A can ana amfani da ɗan kaɗan, a kan mara lafiya, ƙarƙashin idon ma'aikaci. Sabon abu shi ne fitar da ita daga ɗakin magani a zuba ta cikin kayan yau da kullum na miliyoyin mutane masu ƙoshin lafiya, don kawai kada ƙafa ta yi wari.

To, me azurfa take yi wa kifi? A nan ya kamata mu ɗan tsaya, domin yawancinmu ba mu taɓa tunanin wahalar da kifin rafi yake sha kafin ya rayu ba. Jinin kifi ya fi ruwan rafi gishiri nesa ba kusa ba. Saboda haka dare da rana gishirin jikinsa yana zubewa cikin ruwa, shi kuma dole ya riƙa tsinto ɗan gishirin da ke cikin ruwan yana mayarwa. Jan naman nan mai kama da matsefi da ke gefen kan kifi, wanda mata sukan cire in suna gyara shi, da shi yake numfashi, kuma da shi yake wannan aikin tsintar gishiri. Akwai wani ɗan famfo a cikin ƙwayoyin naman da ke tura gishirin zuwa jini. Narkakkiyar azurfa tana shiga ta ƙofar da gishiri yake shiga, ta je ta tsayar da famfon. Daga nan gishirin jini ya yi ta raguwa, jini ya yi kauri, zuciya ta kasa tura shi, kifi ya mutu alhali babu rauni a jikinsa. Farfesa Chris Wood na Jami'ar McMaster a Kanada da abokan aikinsa ne suka fi fayyace wannan tun cikin shekarun 1990, lokacin da azurfar da ke shiga ruwa ta wankin hoto ce.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ƙanƙantar abin da ake bukata. Masana suna auna shi da mikrogiram cikin lita. Mikrogiram ɗaya a lita daidai yake da giram ɗaya cikin lita miliyan ɗaya, watau durom 5,000 na lita 200. Ƙwayar magi ɗaya giram 4 ce. A cikin ruwa mai tsabta na ɗakin gwaji, narkakkiyar azurfa mai nauyin 'yan ƙwayoyin magi kaɗan cikin durom 5,000 ta isa ta kashe ƙananan kifaye cikin kwana huɗu. Akwai kuma waɗansu 'yan mitsi-mitsin halittun ruwa da ake kira dafniya, waɗanda ba su fi ƙwayar gero ba, su ne abincin 'ya'yan kifi. Su kam ƙasa da mikrogiram ɗaya a lita ya ishe su mutuwa. Cikin dukan ƙarafa, kaɗan ne suka kai azurfa dafi ga halittun ruwa. Mutum ba ya tsintar gishiri daga ruwan da yake wanka, shi ya sa abin da ba zai dame mu ba yakan zama ajalin kifi.

Gansakuka ma ba ta tsira ba. A 2008 masu bincike na cibiyar nazarin ruwa ta Eawag a Suwizalan sun nuna garin nano yana rage wa wata irin gansakuka ƙarfin sarrafa hasken rana, kuma da suka zuba wani abu mai kama narkakkiyar azurfar ya ɗaure ta, sai illar ta ɓace. A wannan shekara kuma a Jami'ar Ƙasa ta Singafo aka sa ƙwayayen wani ƙaramin kifi cikin ruwa mai garin, waɗansu suka yi jinkirin ƙyanƙyashewa, waɗansu suka fito da lanƙwasasshen baya da kumburi kewaye da zuciya. Gaskiya ne an zuba musu da yawa fiye da abin da ake samu a rafi, kuma za mu komo kan wannan.

Amma azurfar tana fita daga tufafin kuwa? A 2008 Troy Benn da Paul Westerhoff na Jami'ar Jihar Arizona sun sayi safa iri shida da ake tallarsu da azurfa, suka yi ta jijjiga su cikin ruwa. Waɗansu sun riƙe azurfarsu, waɗansu kuwa cikin 'yan wanki kaɗan suka zubar da kusan duka. A 2009 cibiyar Empa ta Suwizalan ta wanke irin waɗannan yadudduka da sabulu cikin injin wanki, ta ga abin da ya fita a wankin farko ya kama daga ƙasa da kashi 1 cikin ɗari har zuwa kashi 45. Hukumar kula da sinadarai ta Suwidin ta gwada kayan wasanni a 2011 ta sami labari iri ɗaya bayan wanki 10. Mai karatu ya lura da abu biyu a nan. Rafi ya sha guba, mai saye kuma ya biya kuɗin abin da wataƙila ba zai daɗe a jikin safarsa ba. Hasara biyu ke nan a ciniki ɗaya.

Gwajin da ya fi kowanne nauyi a wurinmu shi ne wanda aka yi a tafki na gaske. A arewa maso yammacin lardin Ontario na Kanada akwai wani yanki mai ƙananan tafkuna 58 da aka keɓe tun 1968 domin bincike. Galibinsu ba su da sunaye, lambobi aka ba su. A can ne a 1973 aka raba wani tafki biyu da labule, aka nuna wa duniya cewa sinadarin fosfet na sabulun gari da takin zamani shi ke sa ruwa ya zama kore ya ruɓe. Gwamnatin Kanada ta so rufe wurin a 2012 don rage kashe kuɗi, har wata cibiya mai zaman kanta ta karɓe shi a 2014. A shekarar nan ce masu bincike ƙarƙashin Farfesa Chris Metcalfe na Jami'ar Trent suka fara ɗiga garin azurfa cikin Tafki na 222, mai faɗin wajen hekta 16. Sun zuba kilo 9 a 2014, suka ƙara kilo 6 a 2015. Kilo 15 ke nan duka, abin da yaro zai iya ɗauka a ka. Azurfar da ke cikin ruwan galibi ta tsaya tsakanin mikrogiram 1 da 10 a lita.

Abin da ya biyo baya ya ba masanan kansu mamaki. Gansakuka da ƙananan halittun da ke yawo cikin ruwa, waɗanda gwajin kwalba ya nuna za su fara faɗuwa, ba su nuna wata babbar illa ba, domin ruwan tafkin yana da ruɓaɓɓen ganye da itace narke a cikinsa, waɗannan kuwa suna kama azurfa su rage mata kaifi. Ba a wayi gari an ga matattun kifaye suna yawo a bisa ruwa ba. Amma da aka buɗe cikin kifayen, aka tarar azurfa ta taru a hantarsu da wurin numfashinsu. Wani ƙaramin kifi mai ruwan ɗorawa da ratsi-ratsi, wanda ya fi yawa a tafkin, ya rage cin abinci, yawansa kuma ya ragu. Babban kifi mafarauci mai dogon baki da ke cin waɗannan ƙanana, hantarsa ta fi tara azurfa, girmansa ya ja baya, kuma bayan an daina zubawa sai da azurfar ta yi watanni a jikinsa. Wadda ke cikin ruwa ta kwanta a lakar ƙasa, tana nan.

Wannan irin ɓarna ce ta fi ba mu tsoro. Mun san masu zuba Gamalin a rafi don su kwashi kifi a rana ɗaya. Mugun aiki ne, amma kowa yana gani, sarkin ruwa yana iya kama mai laifi. Ita kuwa wannan ba ta da ranar farawa. Masunci dai zai ga komarsa tana sauƙi shekara bayan shekara, tarwaɗa da karfasa ba su kai girman da ba, ya ce ko ruwa ne bai zo da kyau ba bana.

Sai dai adalci ya wajaba mu faɗi abin da masu kare wannan sana'a suke cewa, gama suna da hujja. Suna cewa azurfar da ake aunawa a kogunan Turai da Amurka ta yi ƙasa ƙwarai da ta Tafki na 222, sau da yawa da ninki ɗari ko fiye. Gaskiya ne. Dalilin kuwa shi ne ruwan wankinsu ba ya zuwa rafi kai tsaye. Yana bin bututu zuwa matatar ƙazamin ruwa. Kowa ya san zoben azurfa yakan yi baƙi in ya daɗe, wannan baƙin kuwa haɗuwar azurfa ce da farar wuta. Ƙazamin ruwa cike yake da farar wuta, saboda haka tun a cikin bututu garin azurfa yake rikiɗa ya zama wannan baƙin abu wanda da ƙyar yake narkewa. Ralf Kaegi da abokansa na Eawag sun nuna a 2011 cewa mafi yawansa yana maƙalewa a lakar matatar, kaɗan ne yake wucewa zuwa kogi. Gishirin teku ma yana ɗaure azurfa, shi ya sa kifin ruwan daɗi ya fi na teku shiga haɗari.

Mu duba da kyau a kan me wannan kwanciyar rai ta tsaya. Ta tsaya a kan bututu da matata. Abuja tana da matatar ƙazamin ruwa a Wupa, amma yawancin garuruwanmu ba su da irinta. Ruwan wanki daga baho yake zuwa kwata, daga kwata zuwa rafi. Lalle kwata mai wari tana da tata farar wutar, za ta ɗaure wani abu, amma babu mai kwashe lakarta ya ware, ruwan sama na farko zai share duka zuwa kogi. Ga kuma masu wanki da guga da mata da 'yan makarantar kwana da ke shimfiɗa kaya a kan dutse cikin rafin kansa, a Dilimi ta Jos ko a bakin Kogin Kaduna, inda babu ko taki ɗaya tsakanin safa da kifi. Da rani kuma rafi yakan tsuke ya zama 'yan kududdufai, babu ruwan da zai tsarma abin da aka zuba, a daidai lokacin da kifaye suka taru wuri ɗaya. An ƙera kayan ne da lissafin ƙasashen da ke da matata, aka kawo mana su, sababbi da na gwanjo, ba a haɗo mana da matatar ba.

Kada wani ya ce mun mai da allura garma. Mun sani a yau dattin masana'antun jima na Kano da ke shiga Challawa, da ƙazantar da Jakara take ɗauka, da magungunan feshi na gona, da leda, duk sun fi azurfa ɓarna a ruwayenmu. Amma waɗannan sun riga sun yi jijiya, tumɓuke su aiki ne na shekaru da kuɗi mai yawa. Ita azurfar safa tana bakin ƙofa ne tukuna, hana ta shiga kuwa bai fi mutum ya mayar da leda kan tebur ya ɗauki ta kusa da ita ba. Rafin da ya riga ya jigata ba ya bukatar ƙarin kaya.

Ba mu ce a yi watsi da azurfa gaba ɗaya ba. Akwai tukunyar yumɓu ta tace ruwan sha da ake shafa wa ruwan azurfa, wadda Fernando Mazariegos ya ƙirƙiro a Gwatamala a 1981, ta yaɗu zuwa ƙasashe da dama, har ana ƙera ta a Tamale ta arewacin Gana. Tana rage gudawa ga yara a ƙauyukan da ba su da famfo. Wannan da maganin ƙuna, ribarsu ran mutum ce, azurfar da suke saki kuma kaɗan ce. Har ma don a kiyaye irin wannan amfani ne ya kamata a daina barbaɗa ta ko'ina. A 2018 masu bincike a Olomouc ta ƙasar Cek sun nuna cewa ƙwayoyin cutar da aka yi ta ba su garin azurfa kaɗan-kaɗan sun koyi dabarar dunƙule shi su tsira. In ƙwayar cuta ta saba da azurfa a cikin takalmi, ranar da za a neme ta a kan ƙunar yaro tana iya ba da kunya.

Akwai wani gefen da ya shafe mu kai tsaye, ba za mu tsallake shi ba. A watan Agusta na 2014, lokacin Ebola, makon da jita-jitar wanka da ruwan gishiri ta ruɗa ƙasar nan bai daɗe da wucewa ba, Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Onyebuchi Chukwu, ya sanar cewa za a gwada wani abu mai suna Nano Silver a kan marasa lafiya a Legas. Cikin 'yan kwanaki aka janye maganar domin bai cika ƙa'idodin bincike ba. A 2020 kuma wani mai wa'azin talabijin a Amurka, Jim Bakker, ya tallata ruwan azurfa a shirinsa a matsayin maganin korona, jihar Missouri ta kai shi kotu, a 2021 aka daidaita a kan zai mayar wa masu saye kuɗi. Tun 1999 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce ba a tabbatar irin wannan ruwa yana warkar da kowace cuta ba. Wanda ya daɗe yana sha, fatarsa tana iya rinewa ta zama toka-toka, kuma ba ta komawa. In wani ya kawo irin wannan kwalba harabar majami'a bayan sujada, dattawa su tambaye shi lambar NAFDAC da abin da aka ba shi izinin faɗa, in ya kasa ya kwashe kayansa. Wanda kuma yake da ragowarta a gida kada ya tuttule ta a kwata ko rafi, gama abin da ke cikinta shi ne aka zuba a Tafki na 222.

Ga hukuma muna da roƙo. A Amurka, tun 2006 hukumar kare muhalli ta ce injin wanki mai sakin azurfa, irin wanda kamfanin Samsung ya fitar, za a ɗauke shi kamar maganin ƙwari, sai an yi masa rajista. A 2017 wata kotun ɗaukaka ƙara ta can ta soke izinin wucin gadi da aka ba wani garin azurfa na yadi da roba, domin hukumar ba ta nuna amfanin da jama'a za su samu ba. Muna roƙon NESREA da SON da NAFDAC su tilasta a rubuta a jikin kowane kaya in an sa masa azurfa, da yawanta, su kuma nemi mai shigo da shi ya nuna nawa ke fita a wanki. Jami'o'inmu na Zariya da Jos da Kano da Maiduguri suna da masana ruwa da kifi. A ba su kuɗi da na'ura su riƙa auna azurfa a laka da hantar kifi, musamman da rani.

Sauran kuwa yana hannunmu, 'yan'uwa. Shugabannin zumuntar mata da ke sayen kaya da yawa don raba wa marayu, da masu kula da makarantun kwana da ke rubuta wa iyaye jerin kayan da yaro zai zo da su, da masu sayo kayan ƙwallo na matasa, su riƙa juya leda su karanta. In an ga an rubuta silver, ko nano silver, ko alamar Ag, a ajiye a ɗauki na auduga zalla, wanda sau da yawa ma ya fi araha. Wanda ya riga ya saya ba sai ya ƙona ba. Ya wanke a baho a gida, ya zubar da ruwan a busasshiyar ƙasa nesa da rijiya da bakin rafi, inda ƙasa za ta riƙe azurfar. Warin ƙafa kuwa, sabulu da ruwa da shanya a rana sun ishe shi, sai a ƙara da safa ta biyu domin a riƙa canzawa.